Minti Goma a Hedikwatar 'Yan Sandan Frankfurt

Ranar Juma'a, 27 ga Satumban 2002, wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Jakob von Metzler ya tashi daga makaranta a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, amma bai iso gida ba. Abin da ya iso shi ne wata wasiƙa. Wasiƙar ta ce an yi garkuwa da yaron, a kawo Yuro miliyan ɗaya, idan masu garkuwar suka karɓi kuɗin kuma suka samu suka fice daga ƙasar lafiya, iyaye za su sake ganin ɗansu.

Gidan su Jakob ba ƙaramin gida ba ne. Mahaifinsa, Friedrich von Metzler, shi ke riƙe a lokacin da bankin Metzler wanda kakanninsa suka kafa tun 1674, kuma har yau bankin bai fita daga hannun zuri'ar ba. Miliyan ɗaya ba za ta gagare su ba. Suka sanar da 'yan sanda, aka haɗa kuɗin, aka kai inda aka ce a kai, wata tashar jirgin ƙasa na cikin gari. Wajen ƙarfe ɗayan dare, wayewar garin Litinin 30 ga wata, wani saurayi ya zo ya ɗauke su. 'Yan sanda na laɓe suna kallonsa. Ba su taɓa shi ba, domin dabararsu ita ce su bi sawunsa a hankali har ya kai su inda yaron yake.

Bai kai su ko'ina ba. Sunansa Magnus Gäfgen, shekararsa 27, ɗalibin fannin shari'a a jami'ar garin, kuma ya saba da 'yan uwan Jakob, don ya daɗe yana cusa kansa cikin 'ya'yan masu hali yana nuna shi ma ɗan gata ne. Da gari ya waye ya zuba wani kaso na kuɗin a asusunsa na banki, ya ɓoye saura a ɗakinsa, ya je ya yi odar mota Mercedes, ya yanki tikitin tafiya shaƙatawa shi da budurwarsa. Masu bin sa ba su ga ya sayi burodi ko gorar ruwa ya nufi wani lungu ba. Wannan ne ya fi tayar musu da hankali, domin wanda ke tsare da yaro a ɓoye dole ya riƙa leƙa shi. Da rana suka daina jira, suka danƙe shi a filin jirgin saman Frankfurt.

A hedikwatar 'yan sanda ya shiga yi musu wasa da hankali. Da farko ya ce yaron na hannun wani. Bayan ya gana da lauya na rabin awa, sai ya ambaci sunayen wasu mutum biyu, ya ce su ne suka sace Jakob, sun ɓoye shi a wata bukka a bakin tafki. 'Yan sanda suka bazama cikin daren, aka bincika, ba yaro ba alamarsa, mutanen biyu kuma ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Dare na ta tafiya. Ƙarshen Satumba a Jamus sanyi ya fara sauka, ga yaro ya shiga kwana na huɗu. Idan a ɗaure yake a wani rami ko wata bukka ba ci ba sha, kuma mutumin da ya san wurin na zaune a gabansu yana ƙarya, to kowace sa'a da ta wuce tana iya zama ita ce ta ƙarshe.

Wanda nauyin ya faɗo wa shi ne mataimakin shugaban 'yan sandan Frankfurt, Wolfgang Daschner, dattijo ɗan shekara 59 da ya kwashe kusan duk rayuwarsa a aikin ɗan sanda ba tare da wani tabo ba. Da sanyin safiyar Talata, 1 ga Oktoba, ya yanke shawara. Ya umarci wani jami'in bincike, Ortwin Ennigkeit, ya shiga ya gaya wa Gäfgen cewa idan bai faɗi inda yaron yake ba, za a gana masa azabar da bai taɓa jin irinta ba. Za a yi ta a gaban likita, ta hanyar da ba za ta bar tabo a jiki ba, kuma wani jami'i da ya ƙware a kan haka yana tafe a jirgi mai saukar ungulu. Wasu shugabannin sassa da ke ƙarƙashin Daschner sun nuna ba su yarda ba. Suna da wani shiri nasu, wanda ya haɗa da kawo 'yan uwan Jakob su tsaya gaban Gäfgen ido da ido ko zuciyarsa za ta karaya. Daschner ya ga babu lokacin wannan.

Ennigkeit ya shiga ya isar da saƙo. Mutumin da ya kwana yana juya manyan masu bincike, cikin kamar minti goma ya saki baki. Ya kwatanta wani ƙaramin tafki kusa da garin Birstein, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Frankfurt. Aka sa shi a mota aka tafi da shi. A ƙarƙashin wani dandamalin katako da ya shiga cikin ruwan, nan aka tarar da gawar Jakob a naɗe.

Tun ranar Juma'ar ya rasu. Gäfgen ya tare shi a hanya, ya ce masa yayarsa ta manta rigar sanyinta a ɗakinsa, ya zo ya karɓar mata. Yaro ya bi shi, don ya san shi. Suna shiga ya liƙe masa baki da hanci da salatif har numfashinsa ya ɗauke. Sai da ya gama wannan aika-aika sannan ya kai wasiƙar neman kuɗin fansa. Duk wanda ya bi labarin Hanifa, 'yar shekara biyar ɗin nan ta Kano da mai makarantarsu ya sace a ƙarshen 2021, ya san wannan irin mugunta: wanda yaro ya sani ya amince da shi, shi ne ba zai bar shi da rai ba, don ya san zai tona masa asiri. Duk kwanakin da iyaye ke haɗa kuɗi, da daren da 'yan sanda suka raba suna neman bukka, da safiyar da Daschner ya ba da umarninsa, babu wani rai da ya rage da za a ceta.

A nan ne Daschner ya yi abin da ya sa har yau ake karanta sunansa a azuzuwan koyon shari'a. A ranar ya zauna ya rubuta abin da ya yi dalla-dalla, ya sa a fayil ɗin binciken, ya sanar da mai gabatar da ƙara. Ya rubuta cewa shi ya ba da umarnin, kuma ba don a samu hujjar hukunta wanda ake zargi ba, sai don a ceci ran yaron kawai. Da ya yi shiru, maganar za ta zama tsakanin bakin mai kisan kai da bakin 'yan sanda, kuma an san wanda za a gaskata.

Da labarin ya fito fili a farkon 2003, Jamus ta ɗauki zafi. Wani binciken jin ra'ayin jama'a ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutane ba sa son a hukunta Daschner. Firimiyan jihar Hesse na lokacin, Roland Koch, ya nuna ya fahimci halin da mutumin ya shiga. Har shugaban ƙungiyar alƙalan Jamus na lokacin, Geert Mackenroth, ya furta cewa akwai yanayin da za a iya halatta azabtarwa, kafin suka ta yi masa yawa ya janye. Wannan kuwa ƙasa ce da ta ga aikin 'yan sandan asirin nan na Gestapo, wadda saboda haka ne aka buɗe kundin tsarin mulkinta na 1949 da maganar cewa mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne, aka kuma rubuta a sashe na 104 cewa wanda ke tsare ba a cutar da shi a jiki ko a zuciya.

Shari'ar Gäfgen ta fara a Afrilun 2003. A ranar farko kotu ta yi watsi da duk wani iƙirari da ya yi tun daga waccan safiya, ta ce maganar da aka samo da barazana ba hujja ba ce. Ga wanda ya taso a mazhabar Malikiyya wannan ba baƙon hukunci ba ne, domin Imam Malik kansa ya sha bulala a Madina har kafaɗarsa ta goce saboda ya tsaya a kan cewa rantsuwar wanda aka tilasta ba ta ɗaure shi. Amma kotun ta karɓi gawar da sawun tayar motarsa da aka gani a bakin tafkin. Bayan an bayyana masa cewa tsoffin maganganunsa sun faɗi, kuma yana da damar yin shiru, Gäfgen ya sake amsa laifinsa da bakinsa a gaban alƙalai. Ranar 28 ga Yulin 2003 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, tare da bayyana cewa laifin nasa mai tsananin muni ne, abin da ke toshe masa hanyar fita bayan shekara 15 kamar yadda aka saba.

Sai aka juyo kan 'yan sandan. Ranar 20 ga Disamban 2004 kotun Frankfurt ta samu Ennigkeit da laifin tursasawa, ta samu Daschner da laifin sa na ƙasa da shi ya aikata. Ta ƙi karɓar hujjar larura. Ta ce akwai sauran hanyoyi da ba a gwada ba, kuma ko da babu, hukuma ba ta da ikon mayar da mutum abin matsewa don a fitar da magana daga cikinsa. Amma ta yarda cewa niyyarsu ceton rai ce, sun gaji, suna cikin matsi mai tsanani. Hukuncin da ta yanke shi ne mafi sauƙi da dokar ƙasar ta tanada: gargaɗi, da tarar Yuro 10,800 ga Daschner da 3,600 ga Ennigkeit, wadda ba za su biya ba sai idan sun sake wani laifi. Babu wanda ya kwana a kurkuku, babu wanda ya rasa aikinsa.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata tana tare da Daschner. Da ɗana ne a wannan hali, da na durƙusa na roƙe shi ya yi fiye da abin da ya yi, kuma ban ga uban da zai ce ba haka ba. Amma saboda wannan ne ba a ba uban wanda aka kashe kujerar alƙali. Na yarda kotu ta yi daidai da ta kira abin da sunansa, laifi, kuma dalilina yana cikin labarin kansa.

Masu kare azabtarwa kullum da misali ɗaya suke zuwa. Su ce ga mutum a hannu, an tabbata shi ne, an tabbata ya san inda bam yake ko inda yaro yake, an tabbata akwai sauran lokaci, an tabbata babu wata hanya. Da wuya a samu lamarin da ya kusanci wannan misali a zahiri kamar na Frankfurt. An ga mutumin da ido yana ɗaukar kuɗin, an samu kuɗin a ɗakinsa, kuma ya san wurin. Ba zan ce barazanar ba ta yi aiki ba, ta yi, ta fitar da gaskiya cikin minti goma. Duk da haka ginshiƙin da aka ɗora komai a kansa, wato cewa yaron na raye, zato ne, kuma zaton ya zo ba daidai ba. Daschner bai yi sakaci ba, kowa a matsayinsa haka zai zata. Matsalar ita ce wanda ke cikin ɗakin tambaya bai taɓa samun tabbacin da mai ba da misali yake ba kansa kyauta ba. Da ya san komai da bai buƙaci tambaya ba.

Sannan a tuna da mutanen nan biyu da Gäfgen ya ƙaƙaba wa laifi. A tsakiyar wancan dare, a idon 'yan sanda, su ne ke riƙe da yaron. Wanda aka kama da kuɗin fansa ne ya ambace su. Da doka ta ce a irin wannan hali ana iya matsa wa mutum, to su ne na farko da za a matsa wa, kuma da sun fi Gäfgen shan wuya, domin shi yana da abin faɗa da zai tsayar da azabar, su kuwa ba su da shi. Mai laifi yana iya sayen sauƙi da gaskiya. Marar laifi ba shi da abin saye sai ƙarya, ko dai ya ɗora wa kansa, ko ya ambaci wani, shi ma a je a ɗauko shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne likitan nan da jami'in da aka ce yana tafe. Azabtarwa ba fushin mutum ɗaya ba ce da ke tashi ta kwanta. Idan za a halatta ta, sai an samu wanda ya iya, sai an koya masa inda ake murɗawa ya yi zafi bai bar tabo ba, sai an ba shi albashi da muƙami, sai an samu likitan da ya yi rantsuwar warkarwa ya tsaya yana duba ko jikin zai iya ɗaukar ƙari. Wanda aka horar a kan wannan ba zai zauna shekara goma yana jiran yaro ɗaya da aka sace ba, za a samar masa aiki. Isra'ila ta gwada. A 1987 kwamitin Landau ya ba hukumar tsaron cikin gida izinin matsa wa waɗanda ake zargi matsi na jiki da aka kira matsakaici, da sunan hana hare-hare. Abin ya zama ruwan dare a kan Falasɗinawan da ake tsarewa, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta haramta hanyoyin a 1999. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu ma ba sai an ba mu labari ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 wadda ta ce babu wani yanayi, ko yaƙi ko dokar ta-ɓaci, da zai zama uzurin azabtarwa, kuma tun 2017 akwai dokar ƙasa da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga wanda ya aikata. Amma rundunar SARS da aka rusa a Oktoban 2020 bayan zanga-zanga, ai don yaƙi da 'yan fashi aka kafa ta, da hujja mai kyau irin ta Daschner. Rahotannin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun nuna inda ta ƙare: rataye mutane, duka, karɓar kuɗi, da tilasta wa matasa sa hannu a takardar amsa laifin da ba su karanta ba. A yau da garkuwa da mutane ta addabi Zamfara da Katsina da Kaduna, za ka ji mutumin kirki, mai sallah da azumi, yana cewa in an kama su a ba su kashi har sai sun faɗi. Na san daga inda maganar ke fitowa, daga ciwo take fitowa. Sai dai izinin da yake bayarwa ba a hannun dattijo mai rubuta laifinsa da kansa zai tsaya ba. Zai isa kowane caji ofis, ya faɗa kan ɗan acaɓa da aka tsinta a hanya, da makiyayin da kamanninsa kawai suka ja masa, da yaron da maƙwabci ya ambata don wata tsohuwar gaba.

Gäfgen bai tsaya nan ba. Daga kurkuku ya kai Jamus ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg, yana neman a sake shari'arsa. Ranar 1 ga Yunin 2010 babban zauren kotun ya yanke hukunci. Ya ce abin da aka yi masa bai kai a kira shi azabtarwa ba tunda barazana ce ta ɗan lokaci, amma cin zarafi ne da sashe na 3 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya haramta, kuma haramcin bai san mai laifi ko marar laifi ba, bai san kyakkyawar niyya ba. Ya kuma ce tarar da aka yi wa 'yan sandan ta yi kaɗan ƙwarai, ba za ta tsoratar da wani ba, musamman da yake daga baya an ba Daschner shugabancin wata hukumar 'yan sanda mai kula da kayan aiki. A nan ni ina ganin kotun Frankfurt ta fi kusa da adalci, domin ta ce an yi laifi ba tare da ta manta da wane ne ya yi shi da kuma dalilinsa ba. Game da sake shari'a kuwa, Strasbourg ta ce a'a. Iƙirarin da ya yi a gaban alƙalai, da lauyansa a gefe, shi ya ɗaure shi, ba abin da ya faɗa a waccan safiya ba.

Saura abu ɗaya da ya fi komai ɗaci ga jama'ar Jamus. A Agustan 2011 kotun Frankfurt ta umarci jihar Hesse ta biya Gäfgen diyyar Yuro 3,000 saboda keta mutuncinsa da jami'anta suka yi. Shi 10,000 ya nema. Mutane suka fusata, jaridu suka yi ta kururuwa cewa an saka wa mai kisan yaro da kuɗin talakawa. Jihar ta ɗaukaka ƙara, a 2012 ta sha kaye. Shi kuma da ya nemi a sake shi daga kurkuku, a 2019 kotu ta ƙi, ta ce har yanzu haɗari ne ga jama'a.